Rasuwar Baƙa, Tafiretar Malam Muntari Mai Murmushi

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da miƙa wuya ga hukuncin Allah, da kuma wani ɗaci a maƙogwaro wanda bayaninsa zai zo a gaba, Malam Muntari na Gidan Dahala, marubucin wasiƙu a gindin itacen dogon yaron da ke gaban gidan waya, yana sanar da ƴan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa zama a kan bencinsa, rasuwar tafiretarsa wadda aka fi sani da Baƙa. Ta cika ranar Talata da hantsi, cikin watan Afrilun 1978, a kan teburinta, da takarda a bakinta, bayan jinyar wata uku.

Ba a san shekarar haihuwar marigayiya ba. Malam Muntari ya same ta ne a Sabon Gari, a hannun wani tsohon akawu, a shekarar da aka gama yaƙi, kuma tun a lokacin fentin gefenta ya soma tashi. Ya ɗauro ta a bayan kekensa, ya turo keken da ƙafa har gida, don kada ramukan hanya su girgiza ta.

Duk wanda ya san ta zai yi mata shaidar haƙuri. Shekara takwas tana aiki cikin zafin Sakkwato, irin zafin da ke sa ƙarfe ya ƙona yatsa, ba ta taɓa neman fanka ba, ba ta taɓa neman wutar lantarki ba. Ɗigon mai sau ɗaya a mako ya ishe ta. Ta rubuta takardun neman aiki, da na neman fili, da na neman aure, da na neman gafara. Ta ji sirrin rabin garin nan, ba ta fitar da ko ɗaya ba. Muryarta kuwa sananniya ce: kas-kas-kas, kas-kas, sannan ƙararrawarta ta ce ƙil a ƙarshen layi, sannan garrr idan aka mayar da ita farko. Masu sayar da rake a bakin titi da wannan muryar suke sanin gari ya waye sosai.

Tana da nata rauni, kuma ba za a ɓoye ba. Harafinta na e yakan toshe da tawada. Ba a kuma haife ta da haruffa masu lanƙwasa ba, don haka kowace wasiƙa sai Malam Muntari ya bi ta da biro yana sa wa ƙa da ɗa da ɓa ƙugiya, kada wanda aka yi wa baƙi ya zama wanda aka yi wa baki.

Amma abin da za a fi tuna ta da shi, kuma abin da Malam Muntari ke so a rubuta shi ɓaro-ɓaro tun masu shaida suna raye, shi ne cewa a bakin Baƙa fuska ta fara fitowa a wasiƙa a wannan titi. Ga yadda aka yi.

Akwai wata dattijuwa, Inna Balaraba, mai sayar da daddawa a kasuwa. Ɗanta Audi soja ne a Ikko. Wata rana cikin 1972 ta zo ta zauna a benci, ta ce a rubuta masa cewa tunda ya sa kaki ya manta da uwarsa, to in ya zo hutu kada ya kuskura ya taka mata ƙofar gida. Tana faɗa tana ƙyalƙyala dariya har da share hawaye da bakin mayafi, don makon da ya wuce ma ya aiko mata da atamfa. Baƙa ta rubuta kalma bisa kalma, kamar yadda ta saba.

Wata huɗu ba amsa. Sai ga wani abokin aikin Audi ya zo hutu, ya nemo gidan Inna Balaraba, ya durƙusa ya ce ya zo roƙon gafara ne a madadin ɗanta. Ya ce Audi ya rame, ba ya cin abinci, yana yawo da takarda a aljihu yana cewa uwarsa ta yafe shi.

Inna Balaraba ta bar daddawarta a kasuwa, ta zo gindin dogon yaro tana haki.

“Malam, mi ka rubuta ma ɗana?”

“Abin da kika hwaɗi, Inna. Ban ƙara ba, ban rage ba.”

“Ka rage! Ai da dariya na hwaɗe shi. Ina dariyar tat tahi?”

“Inna, ƙarhe ba ya dariya.”

“To ka sa shi shi yi. Ba ni tashi nan sai ɗana ya san wasa nika yi.”

Ba ta kuwa tashi ba. Malam Muntari ya rubuta “cikin wasa na faɗa”, ta ce wannan ma magana ce, kuma magana ce ta jawo abin. Ya zauna yana kallon Baƙa, yana taɓa alamomin da ba kasafai ake taɓa su ba. Ya buga ɗigo biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ya buga baka, wadda ake rufe zance da ita. Bai ga komai ba. Wuyansa ya gaji, ya karkatar da kansa hagu don ya sassauta shi, sai ya ga ana kallonsa daga cikin takarda: ido biyu da baki mai murmushi.

Ya zare takardar ya miƙa wa Inna Balaraba, wadda ba ta san harafin boko ko ɗaya ba, ya ce ta karkata kai. Ta karkata har mayafinta ya zame. Ta ƙura wa takardar ido. Sannan ta buga cinya.

“Ga ta nan! Wallahi dariyata ta!”

Aka sake wasiƙar, da kalmomin nan dai na farko, aka sa fuskar a ƙarshe, aka ƙara layi ɗaya cewa Inna ta ce ya kwantar da kansa hagu ya duba. Cikin mako biyu amsa ta zo. Audi ya cika rabin takarda da irin fuskar, ya zana su da hannunsa, wasu a karkace, wasu kamar ƙwarya.

Daga nan Baƙa ta shiga haihuwa. Wani falke da albasarsa ta ruɓe a hanyar Kudu ya ce shi ba murmushi yake ba, aka juya masa bakar, fuska ta ɗaure. Wani saurayi mai neman aure ya ce yana so a kashe ido ɗaya, aka sa waƙafi mai ɗigo a maimakon ɗigo biyu. Mai hawaye ta zo da rasuwar wani, aka maƙala ɗan waƙafi a ƙarƙashin ido. Mai buɗaɗɗen baki ta zo shekarar da kuɗin fetur ya cika gari, mutane suna rubuta wa ƴan uwansu a ƙauye labarin motoci da gine-gine, suna cewa a sa musu mamaki. Akawuna kuwa suka ce su sai mai tabarau, aka ba su lamba takwas a wurin ido. Har ta kai ana gane wasiƙar Malam Muntari daga nesa, don duk mai karanta ta kansa a karkace yake.

A lokacin ne Malam Abdulwahabu, limamin masallacin unguwa, ya zo da kansa ya ce ya ji ana yin hotuna a nan. Malam Muntari ya miƙa masa takarda. Liman ya duba a tsaye, ya karkata kai ya duba, ya miƙe ya sake dubawa. Ya ce a tsaye dai alamomin rubutu ne, wanda ya karkata kansa kuma shi ya jiyo. Ya mayar da takardar ya tafi, kuma wasu sun rantse sun ga gemunsa na motsi.

Waɗannan su ne shekarun daɗi. Yanzu za a shiga bayanin ɗacin da aka ambata.

Duk tsawon wannan lokaci akwai wani tebur a gefen na Malam Muntari, ƙarƙashin itace ɗaya. Mai shi Lawwali ne, abokinsa tun makarantar allo, wanda ke rubuta wasiƙu da alƙalami, boko da ajami. Idan layi ya yi wa Baƙa yawa, Malam Muntari kan tura masa mutum biyu ko uku. Tare suke cin tuwon rana. Lawwali ya ga haihuwar kowace fuska da idonsa, har yakan leƙo ya ce a nuna masa yadda ake kashe ido.

A 1975 yayan Lawwali ya samu kwangila. Kafin wata biyu Lawwali ya ɗauke teburinsa ya tsallaka titi, ya kama shago mai ƙofar gilashi, daidai saitin dogon yaro. Aka sa masa fanka a sama. Aka kawo masa tafireta mai lantarki, fara sol, wadda ba a dukanta, shafa ta kawai ake yi ta zuba rubutu. Ba ta da murya irin ta Baƙa. Gurnani kawai take yi daga safe har yamma, kamar kyanwar da ta ƙoshi.

Malam Muntari ya tsallaka ya yi masa murna, ya sa albarka, ya dawo ya kasa cin tuwo.

Da farko Lawwali ya ɗauki fuskokin yadda suke, ɗigo biyu da baka, bai ce a ba shi ba, bai ce na gode ba. Malam Muntari ya haɗiye. Sai kuma Lawwali ya je Sabon Gari wurin masu sassaƙa hatimin roba, ya sa aka yi masa guda shida. Kowanne da fuska zagayayya, a tsaye, da ido da gira da baki, wata har da haƙora. Idan ya gama wasiƙa sai ya jera su gaban mai ita ya ce ya zaɓa, ya dangwala a tawada shuɗiya, ya buga. Ba karkata kai, ba bayani.

Mutane suka sa musu suna fuskokin Lawwali. Wannan bai isa ba. Wata rana wata mata ta zauna a bencin Malam Muntari, ya gama mata wasiƙa, ta ce: “Malam, sa min irin ta Lawwali, ko da ta kwance ce.” A gaban Baƙa ta faɗi haka.

Bencin ya soma sauƙi. Masu zuwa wurin Baƙa suka koma tsofaffi da waɗanda layin shago ya yi wa tsawo. Malam Muntari ya gyara zaman teburinsa ya ba titi baya, bayan kwana biyu ya mayar da shi yadda yake, don ya gane rashin ganin masu shiga shagon ya fi ganinsu ciwo. Ya san adadin mutanen da suka shiga kowace rana. Ya san wa ya fito yana murmushi. Idan aka ɗauke wuta, farar ta yi shiru, fanka ya tsaya, sai ya ji wani sanyi a ransa, ya dinga buga Baƙa da ƙarfi ko da babu mai wasiƙa, don a ji ta a tsallake. Daga baya yakan yi istigfari. Idan aka sake ɗaukewa kuma sanyin ya dawo.

Bai tsaya nan ba, kuma ya ce a rubuta wannan ma. Ya tafi wurin Malam Abdulwahabu bayan sallar la’asar, ya zauna ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce ya zo ne saboda kishin addini, don abin da ake bugawa a shagon nan hoto ne sosai, a tsaye, har da haƙora. Liman ya dube shi.

“Muntari, kishin addini na, ko kishin Lawwali?”

Malam Muntari ya ce ya tuna ya bar Baƙa ba rufi, ya tashi.

Ciwon ajali ya fara ne wata ranar Alhamis cikin watan Janairu. Malam Muntari na zaune ya hango wata mata ta bi can gefen titi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta shige shagon. Ba sai ya ga fuskarta ba. Shekara shida yana ganin wannan tafiyar tana nufo bencinsa. Da ta fito ta yi kamar za ta wuce, sai ta kasa, ta tsallako.

“Malam, kada ka riƙe ni a rai. Audi ya yi ɗiya yanzu, su ka son mai zagayen nan. Ni kuma wuyana ya tsufa, ba shi son karkata.”

“Ba komi, Inna. Ki gaida su.”

Da ta tafi, wani ya kawo wasiƙar barka da haihuwa. Malam Muntari ya buga ɗigo biyu, sannan ya sauke yatsansa a kan baka da duk abin da ke cikinsa. Ƙarfen ya tashi, ya daki takarda, bai koma ba. Da aka taɓa shi sai ya karye daga gindi. Tun daga ranar Baƙa ba ta sake murmushi ba. Bakar ɗaure fuska ce kaɗai ta rage mata, kuma ba kowace wasiƙa ke son ta ba.

Aka kai ta wurin Dodo mai gyaran agogo a bakin kasuwa. Dodo ya ce zai iya neman wata bakar daga jikin wata matacciyar tafireta, a ba shi lokaci. Da Malam Muntari ya tsaya a nan, watakila da yau ba a rubuta wannan sanarwa ba. Amma ya daɗe yana kwana da wani tunani yana tashi da shi. Ya nuna wa Dodo wani harafi a can gefe, na alamar rabi ta lissafi, wanda bai taɓa amfani da shi ba. Ya ce a cire kansa, a sassaƙa fuska zagayayya a kan ɗan tagulla, a tsaye, a liƙa a wurin. Fuskar da za ta fito daga cikin tafireta kanta, ba daga roba ba. Ita wannan ko farar ba ta da ita.

Dodo ya cire gilashin idonsa. “Malam, wagga tsohuwa ta. In na sa mata wuta a nan, maƙwabtan ƙarhen duk sai sun ji. Kuma tagulla ya hi ƙarhin hannunta.”

“Kai dai ka yi.”

“Ka bar ta ta tsufa da mutuncinta.”

“Dodo, mutuncin na can tsallaken titi. Ka yi.”

Ya yi. Aikin ya ci makonni, don fuskar ba ta kai ƙwayar gero uku ba. Ranar Talata Malam Muntari ya sa sabuwar riga, ya ɗora Baƙa a tebur, ya kira masu rake da duk wanda ke wucewa. Ya sa sabuwar takarda. Ya jira har Lawwali ya fito bakin ƙofarsa shan iska, sannan ya buga.

Abin da ya fito baƙin tabo ne, ba ido ba baki. Wani ya ce watakila sai an karkata kai. Malam Muntari ya gyara zama. Ya sake bugawa, da ƙarfin da bai taɓa sa mata ba. Kan tagullar ya fice ya faɗa cikin rairayi. Ƙarafan haruffa suka taso gaba ɗaya suka sarƙe. A can cikin cikinta wani abu ya ce tas. Abin da ke riƙe takarda ya zarce da kansa har ƙarshe, garrr, ƙararrawa ta ce ƙil sau ɗaya, ba wanda ya taɓa ta. Wannan ita ce maganarta ta ƙarshe.

Ba wanda ya yi dariya. Mutum na farko da ya tsallako titi shi ne Lawwali. Ya tsuguna ya tsinci kan tagullar, ya hure shi, ya ajiye a gefen tebur, ya ce: “Allah shi ba ka haƙuri, Muntari.” Malam Muntari ya ce da dariya ya yi da abin ya fi sauƙin ɗauka.

Dodo ya duba ta da yamma ya ce igiyar ƙarfen da ke jan ta ce ta tsinke, ƙarafa bakwai sun lanƙwashe, kuma irin ta ba a kawo kayanta yanzu. Malam Muntari ya so a rubuta cewa tsufa da zafi ne sanadi. Dodo ya ce in aka rubuta haka zai ƙaryata a gaban kowa. Don haka ake sanarwa cewa marigayiya ta rasu ne a hannun wanda ya fi kowa son ta.

Ta rasu ta bar mai ita, da benci ɗaya, da rigarta ta leda, da ɗan burushin share haruffa, da kwalbar mai da ba a kai rabinta ba. Ta bar ƴaƴa shida: mai murmushi, wadda ita ce babba, da mai ɗaure fuska, da mai kashe ido, da mai hawaye, da mai mamaki, da auta mai tabarau. Dukansu suna raye, suna zaune a gidan wani, ana kiran su da sunan wani. Ta bar jikoki na roba waɗanda ba su san ta ba.

Masu karatu za su lura haruffan wannan takarda a jere suke, harafin e bai toshe ko sau ɗaya ba. Dalili shi ne a duk titin nan tafireta ɗaya ta rage. Malam Muntari ya shiga shagon ranar Laraba, ya zauna ƙarƙashin fankan, ya faɗa, Lawwali ya buga. Duk abin da aka faɗa a kansa a sama da yatsunsa ya buga shi, bai sauya kalma ba. Sau ɗaya kawai ya ɗaga hannu, a wurin da aka zo kan sunan fuskoki.

“Ni ban taɓa cewa ni na ƙago su ba.”

“Ba ka kuma taɓa cewa ba kai ba na.”

Lawwali ya mayar da yatsunsa kan farar. Sannan ya ce a bar wannan ma a ciki. Ya ƙara da cewa an yi masa odar tafireta ta biyu, tana hanya daga Ikko, kuma ba shi da wanda zai zauna a kanta. Malam Muntari ya ce yana cikin makoki, ba a yi wa mai makoki irin wannan magana, a bari sai an yi bakwai. Bai ce a’a ba, kuma ya roƙi jama’a kada kowa ya tambaye shi dalili.

Ga yadda aka tsara rakiyar marigayiya. Ba za a yi mata salla ba, ba za a tona mata rami ba, don Malam Abdulwahabu ya ce ƙarfe ce, kuma a yi hattara da wasa. Ranar Juma’a bayan la’asar za a goge ta da mai, a sa mata rigarta, a ɗaura ta a keke a tura da ƙafa zuwa Gidan Dahala, inda za ta kwanta a kan wata kanta ta katako cikin zauren Malam Muntari. Masu sayen tsofaffin ƙarafa kada su wahalar da kansu. Za a yi zaman karɓar gaisuwa kwana uku a gindin dogon yaro, daga hantsi zuwa azahar. Duk mai tsohuwar wasiƙa da fuskar kwance a cikinta ana roƙonsa ya zo da ita a gani, za a mayar masa. Inna Balaraba ta aiko cewa ita za ta yi kunun zaman, kuma bayan dogon tunani an karɓa.

Ana shawartar masu zuwa gaisuwa su biyo ta bayan gidan waya. Hanyar gaba ta bi ta ƙofar shagon ne, kuma daga inda Malam Muntari zai zauna, yana ganin duk wanda ya tsaya.